Marmaron da Ke Ɗaukewa Ya Dawo: Amsa ga Mai Shirin Kai Iyalinsa Afton

Wani bawan Allah mazaunin Amurka ya aiko da tambaya cewa yana shirin kai mai ɗakinsa da 'ya'yansu uku, waɗanda ƙaraminsu bai wuce shekara huɗu ba, su ga wani marmaro da ke kusa da garin Afton a jihar Wyoming. An ce masa marmaron yana kwararo ruwa na ɗan lokaci, sai ya ɗauke ƙaf kamar an rufe famfo, jim kaɗan kuma ya dawo. Yana son ya san ko abin gaskiya ne ko zuƙi ta malle ce irin ta masu tallar wuraren yawon buɗe ido, da abin da ke haddasa shi, da kuma ko tafiyar ƙafa da ake yi kafin a isa wurin ta dace da ƙananan yara.

Malam, abin gaskiya ne, amma ba kowane wata na shekara ake ganinsa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asarar tafiyarsu. Wanda ya je a watan Yuni zai tarar da ruwa yana ta ambaliya daga jikin dutse ba tare da ya tsaya ko sau ɗaya ba, ya zauna awa guda yana jira, ya koma gida yana cewa an yaudare shi. Wanda ya je a watan Satumba kuwa zai ga wurin da ruwa ke ruri ya yi tsit a gaban idonsa, har ya ji ɗigar ruwa daga gansakuka. Dutsen ɗaya ne, marmaron ɗaya ne, bambancin kawai yawan ruwan da ke shiga cikinsa daga sama. Saboda haka zan fara da bayanin yadda abin yake aiki, domin idan ka fahimce shi, kai da kanka za ka iya zaɓen ranar tafiya.

Marmaron yana cikin kwazazzabon da rafin Swift Creek ya ratsa, kimanin kilomita 8 gabas da Afton, a cikin gandun dajin gwamnatin tarayya na Bridger-Teton. Duwatsun wurin na farar ƙasa ne, irin dutsen da ake yin siminti da shi, kuma irin wannan dutse yana da wata ɗabi'a da duk mai nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sani. Ruwan sama da narkakkiyar dusar ƙanƙara suna kwasar iskar kabon daga sarari da kuma cikin ƙasa, sai su ɗan yi tsami kaɗan, tsamin da harshe ba zai ji ba amma dutsen farar ƙasa yana jinsa. Ruwan yana bin 'yan tsage-tsagen da ke jikin dutsen yana lasarsu sannu a hankali, shekara dubbai bayan dubbai, har tsaga ta zama kafa, kafa ta zama rami, rami ya zama kogo. Duk inda ka ga babban marmaro yana fitowa daga baki ɗaya a irin wannan dutse, to a bayansa akwai hanyoyin ruwa masu kama da bututu, waɗanda ba su bin miƙaƙƙen layi: wani ya hau, wani ya gangara, wani ya lanƙwashe.

Bayanin da masana suka fi amincewa da shi game da marmaron Afton ya dogara ne a kan wannan lanƙwasa. Ka tuna yadda ake zuƙo mai daga tankin mota da tiyo zuwa jarka. Tiyon yana hawa sama daga cikin tankin kafin ya gangaro, kuma da zarar ya cika da mai, sai ya ci gaba da janyo shi da kansa ba tare da an ƙara zuƙa ba, matuƙar bakin da ke waje ya fi saman man da ke ciki yin ƙasa. Ba abin da ke tsayar da shi sai iska ta shiga ta bakin da ke cikin tankin. To haka ake ganin lamarin yake a cikin dutsen. Akwai wani kogo da ruwa ke taruwa a ciki ba dare ba rana. Hanyar fitar ruwan tana farawa daga can ƙasan kogon, ta hau sama, ta lanƙwaso, sannan ta gangara zuwa bakin da mutane ke gani. Muddin ruwan kogon bai kai tsayin lanƙwasar ba, ba abin da ke fita. Da ya kai, sai hanyar ta cika, ta fara janye ruwan da ƙarfi fiye da yadda yake shigowa, kogon ya yi ta raguwa har iska ta samu kafar shiga. Nan take jan ya katse, marmaron ya ɗauke, kogon ya sake fara cika.

Wani binciken da masana ruwa na Jami'ar Utah suka yi ya ƙarfafa wannan bayani, domin sun auna iskar da ta narke a cikin ruwan marmaron suka ga alamar cewa ruwan yana haɗuwa da iska tun yana ƙarƙashin ƙasa, abin da ake sa ran gani idan akwai kogo mai sarari a samansa da kuma bututun da iska ke shiga lokaci zuwa lokaci.

Yanzu ka lura da sharaɗin da ke cikin wannan bayani, don a nan gizo ke saƙa. Marmaron ba zai ɗauke ba sai idan ruwan da ke fita ya fi wanda ke shigowa yawa. Daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuli, lokacin da dusar ƙanƙarar da ta taru a kan tsaunukan Salt River take narkewa gadan-gadan, ruwan da ke shiga kogon yana da yawa har bututun ba ya iya rage shi zuwa inda iska za ta shiga. Sai marmaron ya yi ta zuba ba tsayawa, in ma an lura da wani abu, bai wuce ƙarfinsa ya ɗan ragu ya sake ƙaruwa ba. Sai daga wajen ƙarshen Agusta, bayan narkewar ta lafa, yake komawa ɗaukewa sosai, inda yakan yi kimanin minti 12 zuwa 18 yana zuba, ya yi kusan haka kuma yana shiru. Kada ka riƙe waɗannan mintoci kamar jadawalin jirgin ƙasa. Shekarar da aka yi dusar ƙanƙara mai yawa yakan makara kafin ya fara ɗaukewa, kuma duk yadda ruwan da ke shigowa ya ƙara raguwa, haka shirun yake ƙara tsawo, tunda kogon yana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya cika. Shawarata ita ce ku sa tafiyar a cikin Satumba ko farkon Oktoba. Bayan haka sanyi da dusar ƙanƙara sukan sauka a wannan yanki, hanyar kwazazzabon kuma ta daina zama ta ƙaramar mota da yara a ciki. Kafin ku tashi, ka tuntuɓi ofishin hukumar gandun daji da ke Afton ka ji halin da hanya da marmaron suke ciki a wannan makon.

Akwai wani ruɗani da ya kamata in kawar, domin jihar Wyoming ta yi suna da maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone, irin su Old Faithful, kuma mutane sukan ɗauka duk abu ɗaya ne. A Yellowstone zafin ƙarƙashin ƙasa ne ke tafasa ruwa har tururi ya watso shi sama. Akwai kuma wasu masu feso ruwan sanyi, kamar na Andernach a Jamus, waɗanda iskar kabon ce ke tunkuɗo su yadda lemon kwalba ke yi idan an girgiza shi. Na Afton ba wuta a cikin lamarinsa, ba kuma tunkuɗar iska. Nauyin ruwa ne kawai da siffar rami. Kada yara su je da tsammanin ganin ruwa yana tashi sama. Abin da za su gani shi ne ruwa yana fitowa daga wata tsaga a jikin dutse yana gangarowa kan duwatsu da ƙara, sannan ya daina.

Irin wannan marmaro kaɗan ne a duniya, kuma ana lissafa na Afton a matsayin mafi girmansu. Marmaron Gihon na Birnin Ƙudus, wanda tsohon birnin ya dogara da shi tun zamanin da, an san shi da zuwa da ɗaukewa. Akwai Fontestorbes a kudancin Faransa, wanda shi ma sai ruwa ya ja baya yake nuna wannan hali, sai dai zagayensa ya fi na Afton tsawo, don yakan kai awa guda ko fiye. Wanda na fi so in ba yara labarinsa shi ne na bakin tafkin Komo a Italiya. Kimanin shekara 1,900 da suka wuce, marubucin nan na Rum, Filini Ƙarami, ya rubuta wa wani abokinsa wasiƙa yana bayyana wani marmaro da ke ƙaruwa ya ragu sau uku a yini. Ya ce mutum yakan ajiye zobe a busasshen wuri a gefensa, ya zauna yana kallo ruwa ya taso ya rufe zoben, sannan ya janye ya bar shi. Har ya yi hasashen ko iska ce ke toshe hanyar ruwan, kamar yadda ruwa ke yin ɓulɓul idan ana tsiyaye shi daga kwalba mai ƙaramin wuya. Bai yi nisa da gaskiya ba. Dabarar zoben kuwa har yau tana aiki: ku sa yaran su zaɓi wani dutse mai alama a gefen magudanar, daga inda suke zaune, su riƙa lura da lokacin da ruwa ya rufe shi da lokacin da ya sake bayyana.

Batun tafiyar kanta ba shi da tsawo. Daga cikin Afton ana bin hanyar Swift Creek, wadda akasarinta ta tsakuwa ce kuma tana da ƙunci a wasu wurare, har zuwa inda ake ajiye motoci a ƙarshenta. Daga nan tafiyar ƙafa kimanin kilomita 1.2 ce, wato kilomita 2.4 zuwa da dawowa. Mafi yawan hanyar tana bin gefen rafi, tana da faɗi, hawanta kuma ba ya gajiyarwa; ɗan shekara huɗu mai lafiya zai iya takawa idan ba a matsa masa ba, ko da yake sai ka shirya saɓa shi a kafaɗa a wani wuri. Da yara, ka ƙiyasta rabin awa zuwa minti 45 kafin ku isa.

Wahalar tana cikin ɗan guntun ƙarshe. Marmaron ba a ƙasan kwari yake ba, yana can sama a cikin wata tsaga, kuma hanyar da ke kai wa bakinsa tana da tsayi, ga duwatsu masu motsi a ƙarƙashin ƙafa, ga danshi. Keken tura jarirai ba zai hau ba. Manyan yaran, idan sun kai shekara bakwai zuwa sama kuma suna jin magana, za su iya hawa tare da babba a bayansu. Game da ƙaramin, ni a ganina babu laifi ko kaɗan idan ɗayanku ya tsaya da shi a ƙasa, inda ruwan marmaron ke gangarowa ya haɗu da rafin, ku yi karɓa-karɓa wajen hawa. Daga ƙasa ma ana ganin canjin, sai dai ba ya zuwa farat ɗaya kamar a sama, saboda ruwan da ya riga ya fito yana ɗaukar lokaci yana tsiyayewa tsakanin duwatsu. Kuma saukowa ta fi hawa haɗari, domin a lokacin ne ƙafa ta gaji, yaro kuma yake jin ya saba da wurin ya fara gudu. A saukowa babba ne zai kasance a gaba, ta ɓangaren gangare.

Abin da na fi jin tsoro ga yara a irin wannan wuri shi ne lokacin shirun. Idan ruwan ya ɗauke, magudanar takan zama kamar matattakalar da aka shimfiɗa, duwatsu suna ƙyalli, 'yan ƙananan tafkuna sun rage a tsakaninsu, kuma babu yaron da zai ga haka bai so ya shiga ba. Amma duwatsun da ruwa ke wankewa kusan sau biyu a kowace awa suna da santsi kamar an shafa musu sabulu, ruwan kuma idan zai dawo ba ya neman izini. Akan ji ɗan gurnani daga cikin dutsen, sai siririn ruwa ya ɓullo, kafin yaro ya gama shawarar ta inda zai fita ya zama kwararo mai iya kwashe ƙafarsa. Ka kafa dokar tun kuna cikin mota, ba sai kun isa ba: ba wanda zai taka cikin magudanar, da ruwa ko babu ruwa.

Sanyin ruwan ma abin lura ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗaukar matsakaicin yanayin shekara na wurin da ya shiga ƙasa, kuma wannan ruwa daga kan tsaunuka masu dusar ƙanƙara ya fito, saboda haka ko a ranar da ake zufa, digiri kaɗan ne tsakaninsa da daskarewa. Wanda ya tsoma hannu zai ji yatsunsa sun fara zugi kafin minti guda. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin yin sanyi saboda ƙanƙantarsa. Yaron da ya jiƙa wando da safa a cikin inuwar kwazazzabo a watan Satumba zai fara karkarwa tun ba a kai rabin hanyar komawa ba. Ku riƙe wa kowane yaro rigar sanyi da busasshiyar safa a jaka, ku bar cikakken canjin kaya a mota, kuma kowa ya sa rufaffen takalmi mai kama ƙasa, ban da silifa.

Garin Afton kansa yana kan tsayin kusan mita 1,900 daga matakin teku, marmaron kuma ya fi shi tsayi. A irin wannan tsayi iskar da mutum ke shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka kwatanta da bakin teku. Ba abin tayar da hankali ba ne ga mai lafiya, amma wanda ya zo daga gari mai ƙasa zai ga yana haki a hawan da bai kai ya kawo ba, kuma ƙishirwa takan kama mutum ba tare da ya ankara ba. Idan a cikinku akwai mai asma ko ciwon zuciya, ya riƙe maganinsa a jikinsa, kada a bar shi a mota. Ku yi sammako, domin a tsaunukan wannan yanki hadari da tsawa sun fi tasowa da yamma, ga shi kuma da safe wurin ajiye motoci bai cika ba. Daji ne da beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari, ke rayuwa a cikinsa, don haka ku yi tafiya a dunƙule kuna magana, kada yaro ya yi gaba shi kaɗai, kuma mutanen yankin sukan riƙe feshin barkono da ake sayarwa don korar ta. Kada ka dogara da sabis ɗin waya a cikin kwazazzabo. Ka gaya wa wani inda za ku da lokacin da kuke sa ran dawowa.

Sai maganar sha. Daga wannan marmaro garin Afton, mai mutum dubu biyu da 'yan kai, yake samun ruwan shansa, shi ya sa za ka ga aikin kankare a bakinsa, abin da yakan ba wasu baƙi mamaki tunda sun zo da tunanin wurin da hannun mutum bai taɓa ba. Wannan ya ɗora muku nauyin kada a yi wanka ko wanki a wurin, kada a jefa komai, a kuma kai yara bayan gida tun kafin a kama hanya. Ruwan rafin da ke ƙasa kuwa, duk haskensa, kada a sha shi ba tare da an tace ko an tafasa ba, saboda dabbobin daji suna sakin ƙwayoyin cuta irin su jiyadiya a cikin ruwan tsaunuka, kuma gudawar da take kawowa ba ta bayyana sai bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da an manta da tafiyar. Ku ɗauki ruwanku daga gida.

Idan kun isa, ku ba wurin aƙalla minti 45. Na ga mutane sun hau da haki, sun ɗauki hoto, sun juya cikin minti biyar, alhali abin da suka zo gani yana buƙatar a ga ƙarshen zuba ɗaya, da shirun gaba ɗaya, da dawowar ruwan. Jira yana yi wa yara wuya, don haka a ba su aiki. Babban ya riƙe agogo ya rubuta mintin da ruwa ya tsaya da mintin da ya dawo, na tsakiya ya lura da dutsen da aka zaɓa, kowa kuma ya yi shiru ya kasa kunne idan ruwan ya fara ja baya, domin a lokacin ne akan ji sautin zuƙa da ɓulɓul daga cikin ramin, wato iskar da ke kutsawa cikin bututun tana katse jan. Duka-duka, da tuƙi daga gari da tafiya da zama, ku ware awa uku.

Wani abu da nake ba iyaye shawara su yi kwana ɗaya kafin tafiya shi ne su haɗa ƙaramin marmaron a wurin wanke-wanke. A samo kofin roba, a huda gefensa kusa da baki, a zura siririn tiyo ta hudar yadda baki ɗaya zai kusa taɓa gindin kofin daga ciki, ɗayan kuma ya sauko ta waje har ya wuce gindin, sannan a liƙe gefen hudar da cingam ko danƙo. A ajiye kofin a ƙarƙashin famfo, a buɗe shi kaɗan. Ruwa zai yi ta hawa ba abin da ke fita, sai ya kai lanƙwasar tiyon, sai ya ɓalle gaba ɗaya har kofin ya kusa ƙarewa, a ji ɗan sautin zuƙa, ya tsaya, ya sake fara cika. Idan bai kama ba, tiyon ya yi faɗi, a nemo wanda ya fi shi siranta. Bayan yaran sun ga zagaye biyu ko uku, ka ƙara buɗe famfon sosai, ka tambaye su dalilin da ya sa ruwan ya daina tsayawa, ka kuma tambaye su wane wata ne wannan a kan tsaunin.